Tsarin atam

Tsarin atam shi ne yadda ƙananan ƙwayoyi uku, wato furoton, nutiron da elektiron, suke zaune a cikin atam ɗin kowane sinadari. Atam, wanda ake kuma kira ƙwayar zarra, shi ne yanki mafi ƙanƙanta na sinadarin asali da ke riƙe da halayen wannan sinadarin. Furoton da nutiron suna cunkushe a tsakiyar atam, a wani ɗan mitsitsin wuri da ake kira cibiya ko niyukiliyas, su kuma elektiron suna kewaye da cibiyar a matakan kuzari daban-daban. Yawan furoton shi ke nuna ko wane sinadari ne, yawan nutiron shi ke bambanta nau'o'in sinadari guda, yayin da jerin elektiron ke tantance yadda atam zai haɗu da wasu. Zuwa yanzu an san sinadaran asali 118, kuma dukkansu a kan wannan tsari suke, daga haidirojin mai furoton 1 har zuwa oganeson mai furoton 118.

Asalin kalmomi

Kalmar atam ta samo asali daga kalmar Girkanci atomos, ma'ana abin da ba ya yankuwa. Zarra kuwa aro ce daga Larabci, inda take nufin abu mafi ƙanƙanta. Furoton daga kalmar Girkanci ce mai nufin "na farko". Nutiron daga kalmar Latin ce mai nufin "ba wannan ba, ba wancan ba", saboda ba shi da caji. Elektiron daga sunan da Girkawa suke kiran wani daskararren ƙaron bishiya ne, wanda idan an goga shi da ƙyalle yakan janyo ƙananan abubuwa marasa nauyi. George Johnstone Stoney, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ayilan, shi ya ƙirƙiro sunan a shekarar 1891. Niyukiliyas kuma a Latin yana nufin ƙwayar da ke cikin ƙwanso.

Ƙwayoyin da ke cikin atam

Cajin lantarki iri biyu ne: cajin ƙari mai alamar (+), wanda ake kira fozitif, da cajin ragi mai alamar (−), wanda ake kira negetif. Caji iri ɗaya suna tunkuɗe juna, mabambanta kuma suna janyo juna.

Furoton yana da cajin ƙari guda (+1), kuma nauyinsa kusan kilogiram 1.673 × 10⁻²⁷ ne. A cikin cibiya yake.

Nutiron ba shi da caji. Nauyinsa kusan kilogiram 1.675 × 10⁻²⁷ ne, wato ya ɗan ɗara furoton kaɗan. Shi ma a cikin cibiya yake. Idan aka raba shi da cibiya ba ya daɗewa, cikin kimanin minti 15 a matsakaici yakan rikiɗe ya zama furoton, ya saki elektiron da wata ƙwaya da ake kira antinutirino.

Elektiron yana da cajin ragi guda (−1). Nauyinsa kusan kilogiram 9.109 × 10⁻³¹ ne, sai an tara elektiron kusan 1,836 kafin a kai nauyin furoton ɗaya. A wajen cibiya yake.

Girman cajin furoton daidai yake da na elektiron, wato kulom 1.602 × 10⁻¹⁹, alamar ce kawai ta bambanta. Saboda haka atam ɗin da yawan furoton ɗinsa ya zo daidai da yawan elektiron ɗinsa ba shi da caji gaba ɗaya.

Furoton da nutiron su ma an gina su ne da wasu ƙwayoyi da ake kira kuwak, waɗanda Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo ra'ayin samuwarsu a 1964, kowa ta nasa ɓangaren. Furoton yana da kuwak "na sama" biyu masu cajin +2/3 kowanne, da "na ƙasa" ɗaya mai cajin −1/3, jimilla +1. Nutiron yana da na sama ɗaya da na ƙasa biyu, jimilla sifili. Elektiron kuwa har yanzu ana ɗaukarsa a matsayin ƙwaya ta asali da ba ta da wasu sassa a ciki.

Girman atam da cibiyarsa

Faɗin atam ya kai kimanin mita 10⁻¹⁰. Idan aka jera atam miliyan goma a layi ɗaya, tsawonsu zai kai kusan milimita guda. Faɗin cibiya kuwa tsakanin mita 10⁻¹⁵ ne zuwa 10⁻¹⁴, wato atam ya fi cibiyarsa faɗi sau dubu goma zuwa dubu ɗari. Da za a kumbura atam ya kai girman filin ƙwallon ƙafa, da cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero ko ta wake da aka ajiye a tsakiyar filin ba. Duk da wannan ƙanƙanta, fiye da kashi 99.9 cikin 100 na nauyin atam a cikin cibiya yake. Ragowar filin duk na elektiron ne.

Lambar atam da lambar nauyi

Lambar atam, wadda ake rubutawa da harafin Z, ita ce yawan furoton da ke cikin cibiya. Ita ce shaidar kowane sinadari. Duk atam mai furoton 6 kabon ne, mai 8 oksijin ne, mai 26 baƙin ƙarfe ne, mai 79 zinari ne. Idan yawan furoton ya canza, sinadarin ya zama wani daban.

Lambar nauyi, wadda ake rubutawa da harafin A, ita ce jimillar furoton da nutiron. Don sanin yawan nutiron, sai a ɗebe lambar atam daga lambar nauyi. Misali, sodiyam yana da lambar atam 11 da lambar nauyi 23, saboda haka nutiron ɗinsa 12 ne. Zinari mai lambar nauyi 197 yana da nutiron 118, domin 197 a ɗebe 79 saura 118.

Tun daga 1961 ana auna nauyin atam ne da ma'aunin da ya yi daidai da kashi ɗaya cikin 12 na nauyin atam ɗin kabon-12. A wannan ma'auni furoton da nutiron kowannensu yana da nauyin kusan 1.

Aisotof

Aisotof su ne atam na sinadari guda waɗanda yawan furoton ɗinsu ɗaya ne amma yawan nutiron ya bambanta. Kalmar ta fito daga Girkanci, ma'ana "wuri ɗaya", domin dukkansu gurbi guda suke zama a jadawalin sinadarai. Frederick Soddy ne ya fito da ita a 1913.

Haidirojin yana da aisotof uku da aka fi sani: furotiyam marar nutiron, dutiriyam mai nutiron 1, da tiritiyam mai nutiron 2. Kabon yana da kabon-12 (kusan kashi 98.9 cikin 100), kabon-13 (kusan kashi 1.1), da ɗan ɓurɓushin kabon-14. Da yake yawan elektiron ɗinsu ɗaya ne, aisotof na sinadari guda suna haɗuwa da sauran sinadarai ta hanya kusan iri ɗaya. Bambancinsu yana cikin nauyi da kuma dorewar cibiya.

Aisotof ne dalilin da ya sa nauyin da ake gani a jadawali yawanci ba cikakkiyar lamba ba ce. Kulorin, alal misali, gaurayen kulorin-35 ne (kusan kashi 75.8) da kulorin-37 (kusan kashi 24.2). Idan aka fitar da matsakaicinsu bisa yawan kowanne, sai a samu kusan 35.5.

Abin da ke riƙe cibiya

Tun da furoton duka cajinsu ɗaya ne, suna tunkuɗe juna da ƙarfi. Abin da ke hana cibiya tarwatsewa shi ne wani ƙarfin janyowa da ake kira ƙaƙƙarfan ƙarfin nukiliya, wanda ke aiki tsakanin furoton da furoton, nutiron da nutiron, da kuma furoton da nutiron. Ya fi tunkuɗar lantarki ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ba ya kai wa nesa: da an wuce tazarar 'yan mita 10⁻¹⁵ ya ƙare.

Nan ne amfanin nutiron yake, domin yana ƙara janyowa ba tare da ƙara tunkuɗa ba. A ƙananan sinadarai yawan nutiron yakan zo kusan daidai da na furoton: oksijin-16 yana da 8 da 8, kalsiyam-40 yana da 20 da 20. Yayin da cibiya ke girma, tunkuɗar furoton tana ƙaruwa domin kowane furoton yana jin na dukkan sauran, alhali ƙarfin janyowa maƙwabta na kusa kawai yake kamawa. Shi ya sa manyan sinadarai suke buƙatar ƙarin nutiron. Dalma-208 tana da furoton 82 da nutiron 126, wato kusan nutiron ɗaya da rabi ga kowane furoton.

Idan ma'aunin ya karkace, cibiya ba ta dorewa, sai ta riƙa sakin ƙwayoyi ko tiriri mai ƙarfi har ta koma wata cibiya mai dorewa. Sinadarai 80 ne kawai suke da aƙalla aisotof ɗaya mai dorewa, kuma dalma ce ta ƙarshensu. Duk sinadarin da lambarsa ta wuce 82 ba shi da irin wannan aisotof, haka ma teknitiyam (43) da furometiyam (61).

An kuma gano cewa cibiyar da yawan furoton ko nutiron ɗinta ya kai 2, 8, 20, 28, 50, 82, ko kuma 126 a ɓangaren nutiron, ta fi sauran dorewa. Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen sun bayyana dalilin hakan a 1949, cewa su ma ƙwayoyin cibiya a matakai suke zaune, kuma waɗannan lambobi suna nuna cikar mataki. Sun samu kyautar Nobel a 1963. Kuza, mai furoton 50, tana da aisotof 10 masu dorewa, fiye da kowane sinadari.

Yadda elektiron suke jere

Elektiron ba sa zama a inda suka ga dama. Suna zaune ne a hawa-hawa na kuzari, kamar benen da ake iya tsayawa a hawa na ɗaya ko na biyu amma ba a tsakaninsu ba. Ana ba hawan lambobi 1, 2, 3, 4 zuwa sama, ko haruffa K, L, M, N. Hawa na ɗaya ya fi kusa da cibiya kuma ya fi ƙarancin kuzari. Iyakar elektiron da kowane hawa zai ɗauka ita ce 2n², inda n ke nufin lambar hawan. Saboda haka hawa na ɗaya yana ɗaukar 2, na biyu 8, na uku 18, na huɗu 32.

Kowane hawa ya kasu zuwa ɓangarori da ake wa laƙabi da s, p, d da f, kuma kowane ɓangare yana da ɗakunan da ake kira obital. Obital yanki ne na sarari inda aka fi zaton samun elektiron. Ɓangaren s yana da obital 1 mai siffar ƙwallo, yana ɗaukar elektiron 2. Ɓangaren p yana da obital 3, kowanne mai kai biyu da siririn ƙugu kamar kalangu, yana ɗaukar 6. Ɓangaren d yana da obital 5, yana ɗaukar 10. Ɓangaren f yana da obital 7, yana ɗaukar 14.

Ƙa'idoji uku ne ke tsara cikar obital:

1. Ana fara cika mai ƙarancin kuzari kafin na sama da shi. Jerin shi ne 1s, 2s, 2p, 3s, 3p, 4s, 3d, 4p, har zuwa gaba.

2. Ƙa'idar Pauli, wadda Wolfgang Pauli ya kawo a 1925: obital ɗaya ba ya ɗaukar fiye da elektiron biyu, kuma dole juyinsu ya saɓa wa juna.

3. Ƙa'idar Hund: idan akwai obital da yawa masu kuzari ɗaya, sai kowanne ya samu elektiron guda kafin a fara haɗa biyu a wuri ɗaya, kamar baƙin da kowa ke kama ɗakinsa har sai ɗakunan sun ƙare.

Naitirojin mai elektiron 7 yana da jerin 1s² 2s² 2p³, inda kowane obital na p ke da elektiron ɗaya. Oksijin mai 8 yana da 1s² 2s² 2p⁴, inda obital ɗaya ya samu biyu.

Ga jerin wasu sinadarai bisa hawa:

Haidirojin (H), lamba 1: 1
Hiliyam (He), lamba 2: 2
Kabon (C), lamba 6: 2, 4
Oksijin (O), lamba 8: 2, 6
Niyon (Ne), lamba 10: 2, 8
Sodiyam (Na), lamba 11: 2, 8, 1
Kulorin (Cl), lamba 17: 2, 8, 7
Agon (Ar), lamba 18: 2, 8, 8
Fotasiyam (K), lamba 19: 2, 8, 8, 1
Kalsiyam (Ca), lamba 20: 2, 8, 8, 2
Baƙin ƙarfe (Fe), lamba 26: 2, 8, 14, 2

Fotasiyam da kalsiyam kan rikita ɗalibai, domin hawa na uku yana iya ɗaukar 18 amma ya tsaya a 8 aka tsallaka na huɗu. Dalili shi ne a waɗannan atam 4s ya fi 3d ƙarancin kuzari, don haka shi ake fara cikawa. Daga sikandiyam (21) zuwa zinki (30) ne ake dawowa a cika 3d, har hawa na uku ya kai 18. Akwai sinadaran da suka kauce wa jerin: kuromiyam (24) yana ƙarewa da 3d⁵ 4s¹, jan ƙarfe (29) kuma da 3d¹⁰ 4s¹.

Dangantaka da jadawalin sinadarai

Jadawalin sinadarai yana da layuka 7 a kwance da rukunai 18 a tsaye, kuma an jera shi bisa lambar atam. Lambar layin kwance tana nuna yawan hawan da atam yake amfani da su. Sinadaran da ke rukuni ɗaya galibi suna da adadin elektiron iri ɗaya a hawansu na waje, shi ya sa halayensu suke kama. Litiyam, sodiyam da fotasiyam duka suna da elektiron ɗaya a waje, kuma dukkansu ƙarafa ne masu laushi da ke tafasa idan an jefa su cikin ruwa. Niyon da agon suna da 8 a waje, hiliyam kuma 2, wato hawansu na waje a cike yake, don haka da wuya su haɗu da wani abu.

Ayon da haɗuwar atam

A harkar haɗuwar sinadarai cibiya ba ta canzawa, elektiron na waje ne ke motsi. Atam ɗin da ya rasa elektiron ko ya ƙaru da shi yana zama mai caji, ana kiransa ayon. Sodiyam yakan ba da elektiron ɗinsa na waje ya koma 2, 8, ya zama Na⁺ mai furoton 11 da elektiron 10. Kulorin yakan karɓi ɗaya ya koma 2, 8, 8, ya zama Cl⁻ mai furoton 17 da elektiron 18. Cajin biyu suna janyo juna, abin da ke fitowa shi ne gishirin girki. Sodiyam kaɗai ƙarfe ne mai haɗari, kulorin kaɗai iska ce mai guba, amma ƙaurar elektiron ɗaya ta mayar da su abin da ake zubawa a miya.

Wata hanyar kuma ita ce tarayya. A cikin ruwa, oksijin mai elektiron 6 a waje yana tarayya da haidirojin biyu, sai ya samu 8, kowane haidirojin kuma ya samu 2. Kabon mai 4 a waje yana iya ƙulla tarayya huɗu a lokaci guda, har da 'yan uwansa kabon, abin da ya ba shi damar gina dogayen sarƙoƙin da ke cikin sukari, man fetur da jikin halittu.

Atam da haske

Idan atam ya samu kuzari, kamar daga zafi, elektiron yana iya tsallakawa zuwa hawa na sama. Sa'ad da ya dawo ƙasa sai ya saki wannan kuzarin a matsayin haske. Da yake tazarar hawa ta bambanta daga sinadari zuwa sinadari, kowanne yana da nasa launukan. Gishiri kan mayar da harshen wuta ruwan ɗorawa saboda sodiyam, jan ƙarfe kuma kan mayar da shi kore mai sirkin shuɗi. Ta wannan hanya ake sanin abin da taurari suka ƙunsa. An ga alamar hiliyam a hasken rana a 1868, tun kafin a same shi a doron ƙasa.

Tarihi

A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, masana falsafa na Girka Lusifus da Demokiritus sun ce komai an gina shi da ƙwayoyin da ba sa yankuwa, amma ba su da hanyar gwaji. A 1808 John Dalton na Ingila ya wallafa ra'ayinsa cewa kowane sinadari yana da nasa irin atam mai nasa nauyi. A 1869 Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai a jadawali bisa nauyi da halaye, ya bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba.

A 1897 J. J. Thomson ya gano elektiron a Jami'ar Kambirij, wanda ya nuna cewa atam yana da sassa. Ya yi zaton atam dunƙule ne na cajin ƙari da elektiron a warwatse a cikinsa. A 1909 Hans Geiger da Ernest Marsden, a ƙarƙashin Ernest Rutherford a Jami'ar Manchesta, suka harba ƙwayoyin alfa a kan siririn fallen zinari. Mafi yawansu sun ratsa sun wuce, amma ɗaya cikin dubbai yakan dawo baya. A 1911 Rutherford ya bayyana cewa hakan ba zai yiwu ba sai idan cajin ƙari da kusan dukkan nauyi suna tattare a ɗan ƙaramin wuri a tsakiya.

A 1913 Niels Bohr na Denmak ya kawo tsarin hawan kuzari, wanda ya bayyana launukan hasken haidirojin. A shekarar ce Henry Moseley ya nuna ta hanyar gwaji cewa cajin cibiya ne ya kamata a jera sinadarai da shi, ba nauyi ba. Wannan ya warware matsalar agon, wanda ya fi fotasiyam nauyi amma ya riga shi a jadawali. Rutherford ya ba da rahoton fitar da cibiyar haidirojin daga naitirojin a 1919, aka sa mata suna furoton a 1920.

Tsarin Bohr ya kasa bayyana atam masu elektiron da yawa. A 1924 Louis de Broglie ya ce elektiron yana da halin igiyar ruwa, a 1926 Erwin Schrödinger ya rubuta lissafin da obital suka fito daga cikinsa, a 1927 kuma Werner Heisenberg ya nuna cewa ba za a iya sanin wurin elektiron da saurinsa daidai-wa-daida a lokaci guda ba. Hoton elektiron yana zagaya cibiya kamar duniyoyi suna zagaya rana, wanda ake gani a littattafan makaranta, sauƙaƙawa ce kawai. James Chadwick ya gano nutiron a 1932, ya samu kyautar Nobel a 1935.

Amfani

Kabon-14 yana da furoton 6 da nutiron 8, kuma rabinsa yana rikiɗewa zuwa naitirojin a duk shekara 5,730. Halitta tana daina shan sabon kabon idan ta mutu, don haka auna ragowar kabon-14 yana nuna shekarun itace, ƙashi ko gawayi. Willard Libby na Amurka ya samu kyautar Nobel a 1960 saboda wannan hanya. Da ita aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 a yankin da ke Jihar Yobe a yau, aka samu ya kai kimanin shekara 8,000.

Yuraniyam yana da furoton 92. Kusan kashi 99.3 cikin 100 na wanda ake haƙowa, kamar a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, yuraniyam-238 ne mai nutiron 146, yayin da kashi 0.7 kawai ne yuraniyam-235 mai nutiron 143. Na biyun ne ke tsagewa cikin sauƙi idan nutiron ya same shi, ya saki zafi mai yawa da wasu nutiron da ke ci gaba da tsaga sauran. Yawancin tashoshin wutar lantarki na nukiliya suna amfani da wanda aka tace har yuraniyam-235 ya kai kashi 3 zuwa 5. A asibitoci kuma ana amfani da tiririn kobal-60 wajen ƙona ƙwayoyin ciwon daji.

Duba kuma

Jadawalin sinadarai
Aisotof
Makamashin nukiliya
Kimiyyar sinadarai